Tsohon transmita da ɓoyayyar eriya: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Duk mai sha'awar magana da jama'a ta rediyo daga gidansa da ya sayi tsohon transmita, wato na'urar aika sigina, mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sigina), irin su Heathkit DX-60 ko Kenwood TS-520, abin da zuciyarsa ke fara raya masa shi ne ya jona wuta ya ga ko zai kawo. To, a nan ake kashe da yawansu. Na'urar da ta shekara 30 a ajiye, manyan kondansocinta masu tace wuta sun bushe, ƙananan na takarda kuma suna yoyo. In ka sakar musu cikakkiyar wuta gaba ɗaya, ko dai ɗaya ya fashe, ko ya yi ta jan wuta har taransifoma ta ƙone. Kondansa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma taransifomar da aka daina ƙerawa tun tuni, sai ka gaji da cigiya. Ka fara canza manyan kondansocin, sannan ka biyo da wutar ta cikin kwan fitila mai zare, kamar na wat 100. In kwan ya haska ya dushe, madalla. In ya tsaya tar da haskensa, akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, maza ka zare filogi.

Mu nan muna da ƙarin tarko. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka an yi su ne don wutar bolt 115 mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa ta kai 230, bugunta 50. Taransifomar rage wuta dole ce, kuma ko da ita za ka ji na'urar ta fi ɗumi, don haka a bar mata iska. Yaesu FT-101 tana da wuraren sauya ƙarfin wuta a jikin taransifomarta; ka buɗe ka gani da idonka inda mai ita na baya ya ɗaura wayar, kada ka yarda da takardar da ke manne a bayanta.

Kuskuren da ba ya ba mutum damar tuba shi ne sa hannu a ciki don an cire filogi. Bawul ɗin 6146 da ke ƙarshen yawancin waɗannan na'urori yana aiki da bolt 600 zuwa 800, kondansa kuma yana riƙe wutar bayan an kashe. Akwai rezistan da aka sa don ya zubar da ita a hankali, sai dai shi ma tsufa na kashe shi ba tare da wata alama ba. Auna da mita, ka sauke wutar ta cikin rezista, in kuma aikin sai a kunne, hannu ɗaya ya zauna a aljihu.

Sai masu ƙaiƙayin hannu. Da an ji murya ta yi ƙasa, sai a ɗauko sukudireba a bi duk ƙananan gwangwanayen saiti ana murɗawa. Abin da ke cikinsu yana tsagewa cikin sauƙi, saitin da masana'anta ta yi kuma ba ya dawowa sai da kayan awo. Haka masu canza bawul duka a tashi ɗaya: sau da yawa bawul lafiyarsa ƙalau, tsofaffin rezistocin gawayi ne suka haura adadin da aka rubuta musu. In kuwa bawulolin ƙarshe aka canza, sai an sake daidaita su kamar yadda littafin na'urar ya tsara, in ba haka ba su riƙa tayar da siginar kansu. Gwaji kuma a kan lodin ƙarya mai om 50 ake yi, wato rezistan da ke shanye siginar a madadin eriya, ba a kan eriya ba. Heathkit ma ta taɓa sayar da nata a cikin gwangwanin fenti da ake cikawa da mai, ana ce masa Cantenna.

Maganar eriya ta fi zafi a Amurka, inda unguwanni da dama ke ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, kuma yarjejeniyar sayen gida ta hana kafa komai a waje. Sababbin shiga sukan ɗauka lasisinsu ya fi ƙarfin wannan, su kafa hujja da hukuncin PRB-1 na hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, na 1985. Hukuncin ya ɗaure ƙananan hukumomi ne da jihohi, bai taɓa yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu da kansa ba. Kafin ka sayi bututu ko ɗaya, karanta takardar gidanka.

Shi ya sa ake ɓoye eriya, nan ma kura-kuran iri ɗaya ne. Wani ya mayar da sandar tuta eriya, ya manta cewa rabin aikin yana ƙasa: ba tare da wayoyin da ake shimfiɗawa a gindinta ba, ƙarfinsa ƙasa yake ɗumamawa. Wani ya shimfiɗa waya a cikin rufi, alhali rufin na kwano ne ko an yi masa shafin alminiyom, siginar ta rasa hanyar fita. Ga tsawo: zangon mita 40 yana son waya kusan mita 20, na mita 20 kuwa mita 10 ta ishe shi, don haka mai ƙaramin fili gara ya koma zangon da ke son gajeriyar waya da ya naɗe waya kamar igiyar guga.

Abin da ya fi ruɗin mutane, a ganina, shi ne mitar SWR, mai auna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya zuwa transmita. Ta nuna 1:1, mutum ya yi ta murna. Ai lodin ƙarya ma 1:1 yake nunawa, kuma ba wanda ya taɓa jin sa a gari na gaba. Shaidar eriya ita ce rahoton wanda ya ji ka daga nesa.

Eriyar da ke kusa da ɗaki kuma tana mayar da siginar ta bayan kebul, ta shiga sifikar maƙwabci, daga nan asirin ya tonu. A sa zoben farait, mai tare irin wannan siginar, a kebul ɗin daidai inda ya haɗu da eriya, a rage ƙarfi. Mai ƙaramar eriyar da'ira ya sani cewa a wat 100 dubban bolt ne ke kan kondansanta, ba wurin da yara ke wasa ake girke ta ba.