Wi-Fi ya ƙi tashi bayan sa Linux: gyaran katin Broadcom a Ubuntu, Debian da Fedora

Kwamfutocin hannu na HP da Dell da ake sayarwa a Garwa, Marwa da Njamaina da yawansu katin Broadcom suke ɗauke da shi. Sai ka ga kwamfuta ɗaya ta kama Wi-Fi a Linux Mint, a sa mata Debian ko alamarsa babu. Katin lafiyarsa ƙalau. Direbansa mai suna wl, wato manhajar da ke sa katin aiki, shi ne ba na buɗaɗɗen lasisi ba, kuma kowane tsari da inda yake ajiye shi.

Fara da sanin katin. Buɗe Terminal ka rubuta:

lspci -nnk | grep -iA3 net

A lambobin da za su fito, 14e4 Broadcom ne, 10ec Realtek, 8086 Intel. Idan ka ga 14e4:4365, BCM43142 ke nan, kuma wl yake buƙata. Duba rfkill list ma: in ya ce Hard blocked: yes, maɓallin Wi-Fi ne a kashe, ba direba ba.

Saukar da direba na buƙatar intanet. Jona waya da kebul na USB, ka kunna raba data daga wayar, layin Orange ne, MTN ko Airtel.

A Ubuntu buɗe Additional Drivers, a Mint kuwa Driver Manager, ka zaɓi Broadcom. Shi ke nan.

Debian ya fi rikita mutane. Tun Debian 12 na 2023 aka ƙara sashen non-free-firmware, sai wasu suka ɗauka an gama da matsalar. Amma wl yana sashen non-free ne, wanda a rufe yake. Buɗe /etc/apt/sources.list, ka ƙara contrib non-free a layukan, sannan:

sudo apt update
sudo apt install linux-headers-amd64 broadcom-sta-dkms

Kada ka bar linux-headers. A kan kwamfutarka ake gina direban, kuma ba zai ginu ba sai da su. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki ga batiri ya mutu, sudo dpkg --configure -a zai ƙarasa abin da ya katse.

Fedora ba ya kawo wl sam. Kunna ma'ajin RPM Fusion, free da nonfree, ka yi sudo dnf install broadcom-wl. Ka ba shi 'yan mintoci ya gama ginin kafin ka sake kunna kwamfutar. Gaggawa a nan ce ke sa a ce bai yi ba.

In an girka amma shiru, gwada sudo modprobe wl. Amsar "Key was rejected by service" na nufin Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta, shi ne ya hana, don direban ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce kashe Secure Boot a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga da zarar an kunna ta. In kana son barinsa a kunne, a Debian yi sudo mokutil --import /var/lib/dkms/mok.pub, ka zaɓi kalmar sirri, ka sake kunnawa. Shuɗin allo zai fito, ka zaɓi Enroll MOK, ka shigar da kalmar sirrin idan ya tambaya.

Ga tarkon da ke kama mutanenmu a nan: kwamfutocinmu da yawa allon rubutun Faransa ne da su, AZERTY, shuɗin allon kuma QWERTY yake karantawa. Ka danna a, shi q ya gani. Don haka kalmar sirrin kada ta ƙunshi a, q, z, w, m ko lambobi. Irin "tudutudu" ta wadatar, sau ɗaya za ka yi amfani da ita.

Saura rikicin direbobi biyu a kan kati ɗaya. In layin "Kernel driver in use" a sakamakon lspci ya nuna bcma-pci-bridge maimakon wl, cire tsofaffin direbobin:

sudo modprobe -r b43 brcmsmac bcma ssb
sudo modprobe wl

Wanda yake gyara wa mutane kwamfuta a shago, in Wi-Fi na yawan mutuwa bayan kowane sabuntawa, gara ya canza katin da na Intel, wanda direbansa iwlwifi ke cikin Linux tun asali. Sai dai a gwada kafin a biya kuɗi, don BIOS na wasu tsofaffin HP da Lenovo ba ya karɓar katin da ba ya cikin jerinsa.