Kurakuran da ke cinye wa wanda ya yi hatsarin mota lafiyarsa da diyyarsa

Na gaji da ganin mutane suna rufzawa ramin da na rufza. Duk wanda ya zo mini da labarin hatsarin mota, tun bai kai ƙarshe ba na san inda ya yi tuntuɓe, don a nan na yi nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mutum miliyan 20 zuwa 50 ke jin rauni a kan hanya ba tare da sun rasa rai ba. Wahalar da yawansu tana somawa ne bayan watanni, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa, ciwon kuwa yana nan daram.

Kuskuren farko shi ne cewa "babu komai, lafiyata ƙalau" a wurin da aka yi hatsarin. Ina tsaye a danja wani ya doko ni ta baya. Na fito, na duba bamba, na juya wuya hagu da dama, na ce wa ɗan sanda ban ji ciwo ba. Ya rubuta. Bayan kwana biyu na farka na kasa ɗaga kaina daga matashi, sai da na tallabo ƙeyata da hannu biyu. Ashe a lokacin firgici jiki yana sakin sinadarin adirenalin da ke danne zafi, kumburin tsoka da jijiyoyin wuya kuma yakan ɗauki yini guda zuwa kwana uku kafin ya bayyana. Maimakon in tafi asibiti sai na yi ta shafa man zafi ina cewa zai wuce. Sai da na yi mako uku sannan na ga likita. Waɗannan makonni ukun su kamfanin inshora ya riƙe. Tambayarsu ɗaya ce: in da gaske hatsarin ne ya ji maka ciwo, me ya hana ka zuwa asibiti, kuma me ya sa ka ce wa ɗan sanda lafiyarka lau? Na rasa bakin magana.

Abin da nake gaya wa kowa yanzu: ka ga likita ranar ko washegari, ko da kana jin za ka iya tsere da doki. Ka lissafa masa duk inda ke damun ka, har da ciwon kai, jiri da rashin barci, kuma ka tabbata ya rubuta cewa bayan hatsarin mota ne. In an tambaye ka a bakin titi, amsar ita ce "ban sani ba tukuna, sai likita ya duba ni." Kafin a janye motocin ka ɗauki hoton su da lambobinsu, ka karɓi lambar wayar shaida ko da mutum ɗaya ne.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata biyu da hatsarin aka kira ni a waya daga kamfanin inshora, murya mai laushi, ana yi mini jaje, aka ce an shirya kuɗina, sa hannu kawai ya rage. Ga bashin asibiti, ga aiki na daina zuwa, sai na ga kamar an tsamo ni daga rijiya. Takardar shafi biyu ce, na sa hannu a tsaye ban karanta ba. A wata na bakwai yatsu biyu na hannun dama suka soma sagewa, kofi yana suɓuce mini. Aka yi hoton MRI, wanda ke nuna har tsoka da jijiya, aka ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya turo yana danne jijiya. Na kwashi takardu na nufi wurin lauya. Ya karanta, ya sa yatsa a kan layi guda, ya turo mini takardar ya ce, "Malam, ai da hannunka ka rufe ƙofar." Layin yana cewa wannan ne biya na ƙarshe, na yafe duk wata buƙata da za ta taso daga hatsarin, wadda aka sani da wadda ba a sani ba.

Haba jama'a, gaggawar me kuke yi? Wanda ya kira ka ɗin nan ma'aikacin kamfani ne, aikinsa ya rufe fayil da kuɗi mafi ƙanƙanta, kuma ba laifinsa ba ne don ka ƙi karatu. Likitoci ba sa kiran ciwo "mai daɗewa" sai ya haura wata uku, to kai a wata na biyu yaya aka yi ka san ƙarshen naka? Bincike ya nuna kusan rabin waɗanda suka sami irin wannan fizgar wuya suna ci gaba da jin ciwo bayan shekara guda. Kada ka sa hannu sai likita ya ce jikin ya tsaya inda zai tsaya, ya kuma rubuta irin jinyar da za ka buƙata nan gaba. Sannan lauyan da ya san harkar diyyar rauni ya karanta takardar. Sai dai jan ƙafa ma yana da iyaka, don kowace ƙasa tana da wa'adin shigar da ƙara: a Ingila shekara 3 ne ga raunin jiki, a Amurka ya danganta da jiha. Ka tambayi naka tun makon farko.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan ciwo ba, amma suna taruwa. An yi maka hoton ƙashi an ce babu karaya, sai ka ɗauka an gama. Wannan hoton ƙashi yake nunawa, tsoka da jijiya ba sa fitowa a cikinsa. Wasu kuma su ɗaura abin tallabe wuya su kwanta wata guda cur. Ni ma na yi, wuyan ya ƙara sanƙarewa. Yawancin likitoci yanzu motsi a hankali suke so, da zuwa gashin ƙashi na asibiti a kan kari. In ka yi ta tsallake ranakun gashi, kai ka cutu, kuma inshora za ta ce ka warke.

Magani ma sai an yi hattara. Farasitamol kada babban mutum ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen da diclofenac in aka daɗe a kansu suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Tramadol da kodin kuwa suna kama mutum, ka soma don wuya ka ƙare ba ka iya barci sai da su.

Akwai wata ɗabi'a da na sha fama da ita. Ranar da na tashi da ɗan sauƙi sai in ce bari in rama duk ayyukan da suka taru, in wanke mota, in ja kujeru, sannan in kwanta kwana uku. Yanzu agogo nake sa wa kaina: minti 20 na aiki, in huta, ko da ina jin ƙarfi. Kada ka ɓoye tsohon ciwon baya, takardun asibiti za su tona ka. Kada ka ƙara wa ciwon gishiri a gaban likita. Hoton da ka ɗora a Facebook kana dariya a wurin taro, ka sani ana iya ajiye shi a gabanka. In gabanka yana faɗuwa duk lokacin da ka ji ƙarar birki, ko kana mafarkin hatsarin, ka faɗa wa likita, shi ma rauni ne kuma ana jinyarsa. Amma in ƙafa ko hannu ya soma mutuwa, ko fitsari yana zubo maka ba ka sani ba, ko ciwon kai mai tsanani da amai bayan buguwar kai, wannan ba na jira ba ne, sashen gaggawa za ka nufa.

Wanda ya fi sauƙin gyarawa shi ne rashin rubutu. Bayan wata shida ba za ka tuna daren da ka kasa barci ba. Sai da aka makara na sayi ƙaramin littafi, nake rubuta kwanan wata, ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, maganin da na sha, da abin da na kasa yi: ban iya juya wuya in duba madubin gefe ba, ban ɗauki 'yata ba, ban je aiki ba. Rasit na magani, na gashi da na kuɗin mota zuwa asibiti duk a ambulan guda nake zuba su, in ɗauki hoton kowanne a waya, don tawadar irin wannan rasit tana gogewa cikin 'yan watanni.