Yadda ake ƙarfafa sandar sitiyari ga motocin daji

Land Cruiser ko Hilux da ke bin hanyar Damagaram zuwa Tanout da Agadez, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa ce ke fara lanƙwashewa, musamman in an sa manyan taya.

Da farko ɗaga gaba da jak, ka kama taya ta gefe biyu ka girgiza. In rotil, wato mahaɗin da ke bakin sandar, na wasa, canja shi, walda ba ta gyara shi. Auna tsawon sandar kafin ka kwance. Samo bututun ƙarfe marar ɗinki, kaurin bango milimita 4 zuwa 5, wanda sandar za ta shiga cikinsa daf. Yanke shi ya tsaya kafin zare, don goro ya samu wurin juyawa. Zura sandar a ciki, ɗiga walda a bakunan bututun biyu kawai, ka bari ya huce da kansa. Sanyaya shi da ruwa na sa ƙarfe ya tsage.

Sandar da ta riga ta lanƙwashe kuwa, kada a miƙar da ita da wuta, ƙarfinta ya tafi.

Mayar da sandar da ka ƙarfafa a tsawon da ka auna, ɗaure goro, sa sabon gupil, wato fil ɗin da ke hana goro kwancewa, ka kai a daidaita ƙafafu. In ba haka ba, taya za ta cinye ta gefe guda.