Kurakuran da na gaji da gani kan ruwan sha da kifi

Na gaji wallahi. Duk shekara da an gama kaka samari sun shiga noman rani, wasu kuma sun faɗa harkar kifi don sun ga ana samu, sai ka ga abu ɗaya ake ta maimaitawa, in ka yi magana a ce ka cika iyayi. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in tura masa. Ni a gefen Wudil nake, jihar Kano, ina ɗan taɓa albasa da tumatir a fadama, ina kuma bandar kifi.

Na farko shi ne wanda ya taɓa ni a jiki, jarkar maganin feshi. Shekarun baya maganin ƙwari ya ƙare min a wata jarka mai lita 5, kyakkyawa mai kauri, murfinta na rufuwa gam, na ce wannan ai asara ce a yar da ita, na ɗauraye ta da omo na shanya, na shinshina ban ji komai ba, shikenan ta zama ta kai ruwan sha gona. Ranar da muka fara amfani da ita ta yini a rana ruwan ya yi ɗumi, kafin la'asar wani yaro ɗan ƙwadago da ya fi kowa sha ya fara amai, yawu na dalala, gumi kamar an watsa masa ruwa, a mashin muka riƙe shi zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran shan ruwansa a duniya. Kuɗin magani ya cinye min albasa ba kaɗan ba, amma ba shi ya dame ni ba, kallon da babarsa ta yi min a bakin gadon nan har yau ina ganinsa. Roba shanye maganin take yi, hancinka ba zai gaya maka ba. Yanzu da jarka ta ƙare sau uku nake ɗauraye ta, ruwan ɗaurayar in juye a famfon feshi in fesa a gona, sannan in huda gindinta da wuƙa yadda ko almajiri ya tsinta ba za ta yi masa amfani ba. Masu wanke famfon feshi a bakin kogi ko gindin rijiya kuma, ku ji tsoron Allah, can ƙasa da ku wata ce take ɗiba ta dama wa jariri koko.

Na biyu, "ai na tafasa". Wannan kalmar tana ɓata min rai. Tafasawa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifod, gaskiya ne, a ci gaba da yi. Amma ba ta taɓa gubar ƙarfe. A kamfanonin jima da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano da sinadarin wani ƙarfe, kiromiyom, ake jeme fata, kuma ba yau aka fara kukan dagwalonsu ba, na Bompai ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara har dam ɗin Wasai, kogin Challawa kuwa ya haɗu da kogin Kano ya gangaro ta nan gabanmu. Ka ɗora irin ruwan nan a wuta, ruwan ne zai tashi tururi, ƙarfen na nan zaune, kamar miyar da gishiri ya yi wa yawa ce, ƙara mata wuta ƙara mata gishiri ne. Alif laka yake kwantarwa. Kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa. Ruwa ya yi garau ba shi ne lafiya ba. Dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta ƙurar dutsen zinare ta shiga gidaje, wa ya ji warinta? Ni dai dokata ita ce ba na shan ruwan kogi ko na ramin da aka tona a fadama don ban ruwa, daga burtsatsen cikin gari nake ɗauko nawa ko da zan makara, kuma in wari ko kalar ruwa ta canja ko dabba ba na bari ta sha.

Sai ku masu zuba maganin ƙwarin nan gamalin a ruwa ku kwashi kifi a banza. Kai malam ba su kake yi ba, kisa kake yi. Sinadarin cikinsa, lindan, tun 2009 aka sa shi cikin waɗanda duniya ta amince a daina, saboda ba ya ruɓewa da wuri, ya kwanta a laka shekaru, ya taru a kitsen kifi, daga nan sai jikinmu har nonon uwa. Ni in aka kawo min kifi kala-kala a buhu ɗaya har da 'ya'yan da ko koma ba ta kama su, ba na ma tayawa.

'Yan uwana masu banda, yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kwali don kada ƙwari su ci kaya, wannan ba dabara ba ce. Ka busar da shi sosai, ka riƙa mayar da shi wuta lokaci-lokaci, ka sayar da wuri.

Rububin ƙaton kifi ma kuskure ne. Giwan ruwa ko tsohuwar tarwaɗa sun daɗe suna cin ƙanana, duk abin da ƙananan suka tara yana jikinsu. A gidana matsakaiciyar karfasa muka fi ci, kuma kayan ciki da hanta da jan abin cikin kunnen nan da yake numfashi da shi da kitsen ciki duk yarwa nake sa a yi, in son samu ne a gasa man ya ɗige. Uwargida har yau tana mita don ita farfesun kan tarwaɗa ne rayuwarta, mun dai yi sulhu a kan sau ɗaya a wata, amma in tana da ciki ko goyo babu.

Sauran ƙananan kurakurai: kar a jefa tsohon batir a rijiya ko kududdufi. Kar a juye baƙin man injin ban ruwa a bakin ruwa. Durom ɗin da ba ka san me aka zuba a cikinsa ba, komai arhar da aka yi maka a kasuwa, kar ka tari ruwan sama da shi.