Yadda Za Ku Shirya Kaya Kafin Ku Kawo Shagon Sake Amfani

Kusan kullum sai an tambaye mu a shagonmu na unguwa nan Jos: "Yaya zan kawo kayan?" Ga amsa, don 'yan sa-kai su huta da maimaitawa.

1. Ku ware kayan kashi huɗu: ƙyallaye, kwalabe, gwangwanaye, kwalaye.
2. Ku wanke kwalba da gwangwani da ruwan omo.
3. Ku kife su a rana su bushe sarai.
4. Ku danne bakin gwangwani da filaya. Hattara! Nan ne yara ke yankewa, musamman da gwangwanin tumatir.
5. Ku shanya ƙyallaye, ko da sabbin ragowar tela ne. Danshin watan Agusta a Jos ba wasa ba ne. Ƙyalle ɗaya mai laima ya isa ya sa buhu guda fumfuna. Mun sha zubar da atamfa mai kyau saboda haka, abin da ciwo.
6. Ku ɓare kwalaye ku shimfiɗa su.
7. Ku zuba maɓallai da zif a kwalba ɗaya.
8. Ku cire gorar maganin feshi da tsohon batir. Ba ma karɓa, ko an wanke gorar sau goma, don guba na maƙalewa a roba. Masu lambu, da ku muke.
9. Ku rubuta abin da ke cikin kowane buhu.
10. Ku miƙa wa ɗan sa-kai hannu da hannu. Kada a ajiye a ƙofar shago, ruwa zai dake shi.