Yadda Ake Ƙarfafa Zuciya Bayan Rauni Ko Jinya Ta Tsayar da Motsa Jiki

Duk wanda ya saba fita gudu bayan sallar asuba, ko ɗaga ƙarfe, ko buga ƙwallo da yamma, ya san cewa ranar da targaɗe ko gocewar ƙashi ko zazzaɓi mai tsanani ya zaunar da shi, akwai abin da zai yi fama da shi bayan ciwon jikin. Ransa zai ɓaci, kaɗaici zai dame shi saboda abokan atisaye sun ci gaba da harkarsu, sannan ga fargabar cewa duk wahalar da ya sha ta tafi a banza. Wannan ɓangare na zuciya yana da nauyi ƙwarai. Wani nazari da aka buga a 2014 kan 'yan wasan da aka yi wa tiyatar jijiyar da ke riƙe gwiwa ya nuna cewa kimanin kashi 55 cikin 100 ne suka koma wasan gasa, kuma tsoron sake jin rauni na cikin manyan dalilan da irin waɗannan 'yan wasa ke bayarwa na ƙin komawa fili.

Abu na farko shi ne ka san ainihin abin da ya same ka, domin rashin sani ne ke ciyar da fargaba. Ka je wurin likita ko ƙwararren mai gashin ƙashi, kamar waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da sauran manyan asibitoci, ka tambaye shi abin da ya lalace, da tsawon lokacin da irin wannan rauni yakan ɗauka, da motsin da aka yarda ka yi tun yanzu. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali ita ta fi amfani. Wanda ya yi targaɗe a idon sawu sau da yawa yana iya motsa kafaɗu da hannuwa yana zaune, kuma wannan ɗan aikin yana hana shi jin cewa rayuwarsa ta tsaya cak.

Ka kuma sani cewa jiki ba ya zubar da abin da ya tara a lokaci guda. Juriyar numfashi ce ke fara raguwa, cikin mako biyu zuwa huɗu, ƙarfin tsoka kuwa ya fi ta daɗewa, kuma wanda ya taɓa gina tsoka yakan dawo da ita cikin sauri fiye da yadda ya gina ta da farko.

A ganina babban abin da ke karya gwiwar mai jinya shi ne auna kansa da yadda yake kafin rauni. Mutumin da yake gudun kilomita 10 ba tare da ya tsaya ba, idan ya fito ranar farko ya ga numfashi ya gagare shi kafin ya kai bakin titi, abu biyu ne ke jiransa: ko dai ya fusata ya matsa wa jikinsa har ciwon ya dawo sabo, ko kuma ya yi zuciya ya jefa takalman atisaye ƙarƙashin gado. Dukansu biyu daga rashin haƙuri suke fitowa. Maganin shi ne ka sauya ma'auni. Ka samu ƙaramin littafi, ka rubuta abin da ka iya yi a ranar farko ko da tafiyar minti 10 ce, ka rubuta yadda ciwon yake daga 0 zuwa 10 lokacin aikin da kuma washegari da safe. Daga ranar, wannan shafin ne abin kwatance, kuma idan ka buɗe shi bayan wata guda ka ga minti 10 ta zama 25, idonka zai ga ci gaban da zuciya ke musantawa. Burinka ya tsaya kan abin da ke hannunka, wato yin atisayen da aka ba ka sau kaza a mako, da samun barcin awa 7 zuwa 9, da cin abinci mai gina jiki. Ranar warkewa ba kai ke yanke ta ba.

Tsoro kuwa da kaɗan-kaɗan ake cire shi. Wanda gwiwarsa ta taɓa gocewa yayin juyi zai fara da tafiya, sannan sassarfa a miƙe, sannan juyi a hankali shi kaɗai, kafin ya shiga cikin 'yan wasa, kuma ba zai hau mataki na gaba ba sai na baya ya daina tayar masa da hankali. Idan akwai kariyar da likita ya ba da shawarar sanyawa, kada kunya ta hana ka. Victor Osimhen ya samu karaya a ƙashin fuska a watan Nuwamba na 2021 a wasan Napoli da Inter Milan, aka yi masa tiyata, ya dawo fili sanye da abin kare fuska, kuma da shi ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya a kakar 2022/23 da Napoli ta lashe gasar karo na farko tun 1990. Kafin shi, an gano wa Nwankwo Kanu ciwon zuciya a 1996, jim kaɗan bayan Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olympics ta Atlanta. An yi masa tiyata a Amurka, ya shafe watanni ba ya wasa, ya buga wasanni kaɗan a Inter, sai a 1999 ya koma Arsenal ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Gaskiya ne cewa suna da likitoci da kuɗin da yawancinmu ba mu da su, amma ko da hakan sai da suka jira jiki ya kammala aikinsa.

Kada ka ƙaurace wa jama'arka. Ka riƙa zuwa fili ko da zama za ka yi a gefe, sai dai ka yi hattara da abokan da za su ce maka "haba, ai ka warke, shigo mu buga", domin ba su ne za su kwana da kumburin ba. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali da za ka riƙa gaya wa gaskiyar halin da kake ciki.

Za a samu ranar da ciwo zai ɗan tashi bayan an ga sauƙi, kuma hakan ba ya nufin an koma farko. Idan ɗan ciwo ne da ya lafa kafin kwana guda, ka rage nauyin atisayen ka ci gaba. Idan kuwa kumburi ne, ko ciwo mai suka, ko gaɓar ta kasa ɗaukar nauyinka, ka tsaya ka koma wurin likita. Haka nan idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, barci da cin abinci suka rikice, ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so, to ka faɗa wa likitan wannan ma, domin ciwon damuwa yana da magani kamar yadda gwiwa take da nata.