Taya dillalin gidaje aiki a Amurka ba tare da lasisi ba

Ɗan'uwa, idan ka sauka unguwar Bronx ta birnin New York aka sama maka aiki a ofishin dillalin gidaje, ka karɓa, aiki ne na rufin asiri. Sai dai dillancin da ka sani a gida ka bar shi can. A Kano, wanda ya san mai gida kuma ya san mai nema ya zama dillali, ya haɗa su ya ci la'adarsa. A nan dillanci sai da lasisi, kuma kowace jiha da tata dokar.

Abin da aka yarje maka a New York yana da yawa: ɗaga waya da karɓar saƙo, tsara lokacin da maigidanka zai gana da mutane, haɗa takardun ranar kammala ciniki, kafa allon sayarwa a ƙofar gida ko cire shi, rubuta talla ya duba kafin ta fita. Duk aikin hannu ne da na takarda.

Inda ake faɗawa rami shi ne baki. Wani zai kira ya ce, "Malam, mai gidan zai rage kuwa?" Kai kuma ka san zai rage, don a gabanka aka yi maganar. Kame bakinka, ka ce dillali zai kira shi. Taya farashi, bayyana sharuɗɗan yarjejeniya, lallashin mai saye, duk ciniki ne, na mai lasisi. Mu da aka raina da cewa taimakon baƙo alheri ne, wannan shirun yana mana wuya, musamman in mai kiran ya juye zuwa Hausa. Doka kuwa ba ruwanta da yaren da kuka yi.

Texas ta ma fi tsanani. TREC, hukumar da ke kula da dillancin gidaje a jihar, tana ɗaukar buɗe wa mai saye ƙofa kaɗai a matsayin nuna gida, don haka ko makulli ba naka ba ne. A California, dillanci ba lasisi na iya jawo tarar da ta kai dala 20,000, ko ɗaurin wata 6.

Sai batun kuɗi. Albashi za a ba ka ko kuɗin awa, ba kaso daga la'ada ba. Idan maigidanka ya ce in gidan ya saidu zai yanka maka naka, ya jefa lasisinsa cikin haɗari, kai ma ya ja ka. Haka in ka samo wa wani ɗaki na haya ka karɓi na goro, New York dillanci take kiransa.

In sana'ar ta kwanta maka, lasisin ba gagarau ba ne. New York na neman shekara 18 da karatun awa 77, sai jarrabawa, sai babban dillalin da zai ɗauke ka a ƙarƙashinsa. California awa 135 ce, Texas 180.